Tsallaka Titi Ba Hadda Ba Ce



Duk mai son ganin yadda yaran ƙasar Hausa ke hulɗa da titi, to ya tsaya a bakin wata babbar hanya a Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, gab da magariba, lokacin da ake tashi daga Islamiyya. Ayari-ayari suke fitowa, 'yan mata cikin hijabai iri ɗaya, maza da jakunkuna a rataye. Babbar cikinsu ba ta haura shekara tara ba, tana riƙe da hannun ƙaninta ɗan shekara huɗu, shi kuma hankalinsa na kan silifas ɗinsa da ya tsinke. Sai su yi cirko-cirko a gefen kwalta, kowa na jiran wani ya fara. Da zarar ɗaya ya zura a guje, sauran sun bi shi yuu, ba mai waiwaye. 'Yan adaidaita sahu su ci burki, mai babur ya kauce yana masifa, mai shayin da ke gefe ya dafe kai yana salati. Galibin ranaku Allah yana tsarewa, kowa ya isa gida lafiya, shi ya sa abin ba ya zama labari.

Ranakun da ba a isa lafiya kuwa ba kaɗan ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke rasa rai a haɗarin hanya duk shekara, kuma a tsakanin masu shekara 5 zuwa 29 babu wata cuta ko annoba da ta kai shi kisa a duniya. Nahiyar Afirka, duk da ƙarancin motocinta, ita ce kan gaba a yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A 2015, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe makon kiyaye haɗurra na duniya kacokan domin yara, adadin da aka yi ta nanatawa shi ne yara 500 a kowace rana. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa na bayar da rahoton mutuwar sama da mutum 5,000 a shekara, wannan ma iya abin da ya shiga takarda ke nan. Yaron da babur ya buge a lungu, aka yi masa sutura kafin la'asar, dangi suka ce sun yafe wa mai babur, sau da yawa ba ya shiga lissafin kowa.

Ba a ce ba a koyarwa ba. Tun da aka kafa hukumar ta kiyaye haɗurra a 1988, zamanin Janar Babangida, aka ɗora Farfesa Wole Soyinka a shugabancinta, ƙungiyoyin ɗalibai na kiyaye haɗurra suna cikin tsarinta, kuma jami'anta kan zagaya makarantu suna lacca. A ajin firamare malami yakan rubuta ƙa'idar a allo, yara su ɗauka da ƙarfi har makwabta su ji: a tsaya, a duba hagu, a duba dama, a sake duba hagu, sannan a tsallaka. Yaranmu kuwa gwanayen hadda ne. Wanda ya iya kawo izu guda da ka, jimla ɗaya ba za ta gagare shi ba. Matsalar ita ce yaron da ya ci wannan tambaya a jarrabawa da safe, shi ne da yamma zai bi ƙwallo tsakiyar titi ba tare da ya ɗaga kai ba. Wani ma zai juya kan nasa hagu da dama kamar yadda aka koya masa, amma juyin kai ne kawai, bai san abin da yake nema ya gani ba. Koyon iyo ne a tudu.

Ko ita ƙa'idar tana da tarihinta. Najeriya ta yi canjin hannu ranar 2 ga Afrilu, 1972, motoci suka bar hannun hagu na Turawan Ingila suka koma dama, kamar yadda Nijar take yi tun asali. Shi ya sa a yau motar da ta fi kusa da mai tsallakawa daga hagunsa take tahowa, kuma can ya kamata ya fara dubawa. Littattafai da hotunan yara da ake shigowa da su daga Ingila akasin haka suke koyarwa, domin can da dama ake farawa. Sai dai a garuruwanmu ko wanda ya fara da hagun bai tsira ba, tunda ga mai babur nan da ya biyo hannun da ba nasa ba don ƙyashin zuwa shataletale ya juyo. Babu allon da ke koya wa yaro wannan mutumin.

Masu bincike sun daɗe da gano cewa ba taurin kai ke sa yaro faɗa wa mota ba. Tun cikin shekarun 1960 wata masaniyar halayyar yara a Suwidin, Stina Sandels, ta bi diddigin yadda ƙananan yara ke tsallaka titi, ta kuma yanke cewa ba su da ƙwarewar da za a sake su su kaɗai cikin motoci sai sun doshi shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu. Dalilan a bayyane suke ga duk wanda ya tsuguna ya kalli titi daga tsayin ɗan shekara biyar. Motar da aka faka a gefe katanga ce a wurinsa, ba ya ganin abin da ke bayanta, direban da ke tahowa ma ba ya ganinsa. Hankalinsa abu ɗaya yake kamawa a lokaci guda, in ya hango mai alawa ko ya ji yayarsa ta kira shi daga ƙetare, to titin ya ɓace masa. Yana kuma ɗauka cewa tunda shi yana ganin mota, ai motar ma tana ganinsa, kuma za ta tsaya cak yadda shi yake tsayawa.

Abin da ya fi wuya shi ne auna gudu. Wani bincike da aka yi a kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa yaran firamare ba sa iya tantance saurin motar da ke tunkaro su da zarar ta wuce mil 20 a awa, wato kilomita 32 ke nan. A 2017 kuma masu bincike a Jami'ar Ayowa ta Amurka suka sa yara tsallaka titin kwaikwayo na kwamfuta. 'Yan shekara shida, kashi 8 cikin 100 na tsallakawarsu sun ƙare da karo da mota; 'yan shekara goma sha biyu, kashi 2; sai a shekara goma sha huɗu karon ya ɗauke gaba ɗaya.

Lissafin ba ya buƙatar jami'a. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta Najeriya ta sa a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Ƙaramin yaro na bukatar kamar daƙiƙa bakwai ya ƙetare titi mai faɗin mita bakwai. Kafin ya kai ƙetare, motar ta shafe kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo guda. In kuwa direban na kan 80, kamar yadda ake yi a hanyoyin da suka ratsa ƙauyuka, to ya haura mita 150. Motar da yaron ya hango can nesa 'yar mitsitsiya, ita ce za ta iske shi a tsakiya.

To in aji bai wadatar ba, ina za a koya? Amsa mafi gamsarwa ta fito ne daga wata unguwar talakawa mai suna Drumchapel a birnin Gilasgo na Sikotilan, inda motoci suka addabi yara a shekarun 1990. Farfesa James Thomson na Jami'ar Strathclyde da abokan aikinsa suka tsara wani shiri da aka sa wa suna Kerbcraft. Ba su ɗauko ƙwararru ba. Iyayen unguwar suka nema, galibi mata, suka yi musu ɗan gajeren horo, sannan kowace ta riƙa ɗaukar yara biyu ko uku 'yan shekara biyar zuwa bakwai, su fita bakin titi na gaske a cikin unguwarsu, kamar rabin awa a kowace fita. Abu uku aka sa a gaba: yadda za a zaɓi wurin tsallakawa, yadda za a tsallaka tsakanin motocin da aka faka idan ba makawa, da yadda za a yi a mahaɗar hanya, inda mota ke iya ɓullowa ta fuska uku ko huɗu.

Sirrin shirin yana cikin yadda ake magana da yaron. An hana iyayen ba da umarni. Tambaya suke yi, yaron ya zaɓa, in ya zaɓi wuri mai haɗari a sake jefa masa wata tambayar har ya gano da kansa. Da aka gwada yaran daga baya, sai aka tarar zaɓinsu ya gyaru ƙwarai, gyaran bai gushe ba bayan an daina fita, kuma waɗanda iyaye suka koyar ba su gaza waɗanda masana suka koyar ba. Wannan ne ya sa gwamnatin Birtaniya ta faɗaɗa gwajin zuwa yankuna da dama na Ingila da Sikotilan daga farkon shekarun 2000.

Babu abin da ke cikin wannan tsari da ya fi ƙarfin magidanci a unguwa irin Kurna ko Tudun Wada. A ɗauka uba ne ya fito da 'yarsa za su je gaida kaka, sai ya tsaya da gangan a bayan wata tifa da aka faka. Ya ce, "Auta, a nan za mu tsallaka?" Ta ce e. Ya ce, "To faɗa min, wace irin mota ce ke tahowa?" Ta leƙa, ta ce, "Baba, ai ba na gani, tifar nan ta kare." Ya ce, "Shi direban fa, yana ganinki?" Ta yi shiru, ta girgiza kai. "To ina za mu koma?" Sai ta ja hannunsa su matsa gaba inda ido ke kaiwa nesa ta kowane ɓangare. Minti biyu ke nan aka ƙara a tafiyar. Gobe a wani wurin za a tsaya, a kan kwana, ko a bakin gidan mai inda motoci ke fitowa da baya, jibi kuma ita za a bar wa ta ce "yanzu" ko "tukuna", hannunta dai na cikin nasa. Idan ta ce "yanzu" alhali ga ɗan sahu tafe, ba tsawa za a daka mata ba. A bari ya wuce, a tambaye ta da sun taka da yanzu suna ina.

Irin wannan fita ce ke ba da damar koyar da abubuwan da babu su a littafin Turawa. Inda babu gefen masu ƙafa, ko 'yan kasuwa sun mamaye shi da tebura, a bi hannun hagu ana fuskantar motoci, yaro kuma ya kasance ta ciki, babba ta wajen kwalta. In za a sauka daga adaidaita sahu, a sauka ta dama, gefen da ba titi, kuma a jira ya tashi kafin a yi tunanin tsallakawa, domin yara da yawa ta gaban abin hawan da ya sauke su suke ɓullowa. Tirela da tifa suna da wuraren da direba ba ya gani ko da madubi, musamman dab da gabansu da gefensu, wanda ya isa dalilin hana ɗafe mota da maƙalewa a bayan a-kori-kura. Lokacin hunturu, in hazo ya sauka da asuba, ko bayan magariba, yaro mai duhun kaya sai direba ya zo dab da shi yake ganinsa. Doguwar riga ko hijabin da ke lilo kusa da tayar babur ma ya sha jawo kuka a gidaje.

Iyaye mata da ba su cika fita ba suna da nasu kason, kuma babba ne, domin a hannunsu aike yake. Uwa ce ke cewa a je a sayo magi, a kai niƙa, a karɓo saƙo. Kafin ta miƙa kuɗin tana iya tambayar kanta: shagon nan a wannan ƙetaren yake ko sai an tsallaka? In sai an tsallaka, akwai wanda ya fi wannan girma? Kalmar nan ta "yi maza, kada na tofa yawu ya bushe ba ka dawo ba" wasa ce a tsakar gida, amma a kunnen ɗan shekara shida umarni ne na ya yi gudu. Haka nan ɗora wa 'yar shekara takwas nauyin tsallakar da ƙanne uku. Ita kanta ba ta kai a sake ta ba, balle a ce ta lura da wasu.

Akwai kuma darasin da iyaye ke bayarwa ba su sani ba, shi ne ma ya fi zama. An kashe kuɗi an gina gadojin masu ƙafa a manyan titunan Kano da Kaduna da Abuja, amma sai ka ga dattijo da furfurarsa ya ja ɗansa sun haura shingen tsakiyar titi a ƙarƙashin gadar, don hawa matakala wahala ce. Da safe ga magidanci a kan babur da yara, ɗaya a kan tanki, uku a baya, na ƙarshen rabin jikinsa a iska, babu mai hular kwano ko ɗaya, ya kuma karya dokar danja saboda an makara. Mai mota ya ɗora jariri a cinya yana riƙe da sitiyari, ana dariya wai direba ne tun yana ƙarami, alhali ƙa'idar hanya ta ce yaron da bai kai shekara 12 ba a baya yake zama. A yi adalci, mai babur ɗin nan ba don ganganci ya yi lodin ba, kuɗin adaidaita na yara huɗu kullum ba kowane albashi ke ɗauka ba. Amma karya danja ba talauci ba ne. Yaron da ya tashi yana ganin Baba na tsayawa ne kawai in akwai ɗan KAROTA mai kula da titi, ya riga ya fahimci abin da doka take nufi a gidansu, kuma babu laccar da za ta goge wannan.

Duk da haka, zalunci ne a tattara nauyin gaba ɗaya a ɗora wa yaro da iyayensa. Komai horon da aka yi wa ɗan shekara bakwai, wata rana zai manta, kuma abin da zai raba tsakanin karaya da makabarta shi ne gudun motar da ta same shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙafa na ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Shi ya sa taron ministoci na duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a mayar da iyakar gudu kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa.

A nan ma iyaye ne suka taɓa juya akalar ƙasa guda. A 1971 haɗarin hanya ya kashe kusan mutum 3,300 a Holan, sama da 400 daga ciki yara. Wani ɗan jarida da mota ta kashe masa 'yarsa ya rubuta maƙala mai zafi yana neman a daina kisan yara, iyaye suka ɗauka, suka riƙa tare tituna da kekuna da teburan cin abinci, har hukumomi suka fara sauya fasalin unguwanni yadda dole mota ta yi tafiyar hawainiya. Holan ɗin da ake misali da ita a yau daga nan ta faro. Misali na kusa kuma yana Darussalam ta Tanzaniya, inda wata ƙungiya mai suna Amend ta riƙa zaɓo makarantun firamaren da aka fi buge ɗalibansu, ta yi musu abubuwa masu sauƙin kuɗi: tudun rage gudu, zanen wurin tsallakawa, gefen masu ƙafa, wani lokaci ma sauya wa makaranta ƙofa kawai daga babban titi zuwa lungu, sannan a haɗa da koyar da yaran. Binciken da aka yi a kai ya nuna raunuka sun ragu da kashi 26 cikin 100, kuma shirin ya ci wata babbar kyauta ta raya birane a 2019.

A garuruwanmu an saba sai an buge yaro tukuna matasan unguwa su fusata, su tara ƙasa da duwatsu su yi tudu a kan titi cikin dare, tudun da ba alama ba fenti, washegari ya kayar da mai babur. Ƙungiyar iyaye da malamai da ke iya tara kuɗin walimar sauka tana iya rubuta wa ƙaramar hukuma da ma'aikatar ayyuka takarda ta hannun mai unguwa tun kafin a kai ga haka, tana kuma iya tsara iyaye biyu-biyu su riƙa tsayawa a ƙofar makaranta lokacin tashi. Wasu makarantun Islamiyya sun riga sun fara sa manyan ɗalibai ko 'yan agaji su tsayar da motoci, kuma direbobi na girmama rigar agaji fiye da yadda ake zato.

Saura yaran da suka fi kowa daɗewa a kan titi, waɗanda kuma babu uba ko uwa a kusa da su: almajirin da ke ratsa motoci a danja da robarsa, da 'yar tallan da ke bin bas a guje don karɓar canjinta, farantin gyaɗa a ka. Da yawansu daga ƙauyen da mota ke wucewa jefi-jefi aka kawo su, aka sauke su a tsakiyar birni ba tare da wani ya taɓa nuna musu ko da ta ina ake fara dubawa ba. A Drumchapel, matan da suka fito ba 'ya'yansu kaɗai suka koya wa ba, duk yaron da ke ajin sun ɗauka. A tsangaya, malam da gardawansa su ne a matsayin iyaye, kuma ranakun Alhamis da Juma'a da ba a karatu sun isa a fita da ƙolawa uku-uku zuwa bakin titin da suke tsallakawa kullum. Jami'an kiyaye haɗurra da ke zagaya makarantun boko suna iya fara horar da gardawan, tunda a kowace unguwa an san inda tsangayun suke.